Piriton da Kumburin Ƙoda: Me Bincike Ya Gano?

Yau zan yi magana kan maganin da kusan kowane gida ake ajiyewa, wato irin su Piriton da cetirizine da muke sha in mura ko ƙaiƙayi ya dame mu. Me ya haɗa su da ƙoda?

Jikinmu na fitar da wani sinadari mai suna histamin. Shi ke jawo atishawa, ƙaiƙayi da kumburi. Yana aiki ne ta ƙofofi huɗu a jikin ƙwayoyin halitta, H1 zuwa H4, ta huɗun ma sai a shekarar 2000 aka gano ta. Piriton da cetirizine ƙofa ta farko suke toshewa.

Ita kuma ƙoda, kowace ɗaya tana da 'yan matatai kusan miliyan guda. In suka kumbura, furotin da jini kan zurara cikin fitsari. Tunda histamin na da hannu a kumburi, masana suka tambaya: in an toshe shi, ƙoda za ta samu sauƙi?

A gwajin ɓeraye masu ciwon suga, toshe H1 ko H4 ya rage furotin a fitsari. Amma a Japan, a 2007, wani gwaji ya nuna histamin ɗin da kansa ya sassauta wani nau'in kumburin ƙoda a ɓeraye. Kun ga ke nan lamarin bai miƙe ba, kuma ɓera ba mutum ba ne. Likitoci ba sa ba da waɗannan ƙwayoyi a matsayin maganin kumburin ƙoda.

Abin da ya tabbata shi ne, mafi yawan cetirizine ta fitsari yake fita. Mai raunin ƙoda in ya sha yadda kowa ke sha, sai ya taru masa a jini. Shi ya sa likita ke rage masa.

Sannan ga wanda ya fi damuna. Yaro na fama da ƙazuwa, ana ba shi Piriton ya yi barci, alhali ƙwaron na nan cikin fata. Yana ta susa, ƙwayar cuta ta shiga miki. Bayan sati uku zuwa shida sai ka ga fuska ta kumbura, fitsari ya koma kalar shayi, ya ragu. Wannan kumburin ƙoda ne, asibiti za a nufa, kar a tsaya kemis.

Don Allah ku duba ƙannenku, har da almajiran unguwa. A magance ƙazuwar tun da wuri, kuma duk masu kwana tare a yi musu magani lokaci ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.