Kabewa da Man Shanu a Girkin Dominikan

A Jamhuriyar Dominikan, wadda ta raba tsibiri guda da ƙasar Haiti a tekun Karibiyan, akwai wani abincin gida da ake kira mazamorra. Da kabewa ake yin sa, irin wadda mutanen ƙasar ke kira auyama, masana tsirrai kuwa suka laƙaba mata Cucurbita moschata.

Uwargida takan fere kabewar, ta yayyanka, ta dafa cikin ruwan gishiri kimanin minti 15 zuwa 20 har ta yi laushi. Sai ta tsiyaye ruwan sarai, domin kabewa ba ta da sitaci kamar doya. In aka bar mata ruwa, kunu za a samu. Daga nan ta murtsuke ta da cokali mai yatsu tare da man shanu. A sama akan zuba jar albasa wadda aka soya da ɗan binega, tsaminsa ne ke ƙara wa albasar hasken launi.

Man shanun nan fa ba don daɗi kaɗai ake sa shi ba. Launin ruwan goro na kabewa daga sinadarin bita-karotin yake, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Wannan sinadari ba ya narkewa a ruwa sai a maiƙo, saboda haka hanji ba ya tsotsarsa sosai muddin babu mai a cikin abincin. Ƙarancin bitamin A kuwa shi ke kawo dundumi, in ya tsananta har ya makantar da ƙananan yara.