Kai da kake karatun CHEW kana jin kunyar faɗa, zo mu yi magana

Ka taɓa lura da yadda wasu ɗaliban kwalejin lafiya ke amsawa idan an tambaye su me suke karantawa? Sai mutum ya yi ƙasa da murya ya ce, "Harkar lafiya ce dai." In ka matsa masa ya ambaci CHEW, sai ya yi maza ya ƙara da cewa, "Amma fa zan sake JAMB." Kamar wanda aka kama da kayan sata.

In kai ne wannan, ko ke ce, to da ku nake a wannan makon.

Ɗiyar kawuna ce ta jawo wannan rubutu. 'Yar yankin Adabka ce a ƙaramar hukumar Bukkuyum, kuma tun tana ƙarama ba ta da zance sai na zama likita. Sau biyu tana zana JAMB, makin bai kai ba. A karo na uku kawu ya ce shekaru na tafiya, ta shiga kwalejin lafiya ta karanci CHEW. Ta shiga, amma zuciyarta ba ta bi ta ba. Zangon farko ta faɗi darasin sanin sassan jikin ɗan Adam. Da daddare ta kira ni, muryarta duk ta dushe, ta ce, "Yaya, ni fa na gaji. Ƙawayena na jami'a suna ta ɗora hoto da farar riga a Facebook, ni ko ina nan ina haddar sunayen ƙasusuwa don in ƙare a asibitin ƙauye."

Ban iya ba ta amsa a daren ba. Sai da na zauna na bi tarihin aikin nata, na kuma tuna abin da ya faru a yankinmu, sannan na san abin da zan gaya mata. Shi ne zan gaya maka yanzu.

Aikin da kake rainawa yana da tarihi

A Amurka akwai ma'aikacin da suke kira mataimakin likita. A 1965 wani likita mai suna Eugene Stead ya buɗe wannan karatu a Jami'ar Duke, saboda ƙarancin likitoci. Ɗalibansa na farko tsofaffin ma'aikatan jinya ne na sojan ruwa, kuma sun kammala a 1967. Yau aiki ne mai daraja a can. Gana ma tana da nata mataimakan likitocin, Kenya na da irinsu da wani suna daban.

A nan gida, waɗanda suka fi kusa da wannan matsayi su ne jami'an lafiyar al'umma: JCHEW mai karatun shekara biyu, CHEW mai shekara uku, sai CHO da ke samansu. Tushen abin yana komawa ga taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya matakin farko har ƙofar talaka. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki tsarin da gaske a Najeriya. A 1992 aka kafa hukumar NPHCDA mai kula da lafiya matakin farko, aka kuma yi dokar da ta kafa hukumar CHPRBN, wadda ke yi maka rajista ta ba ka lasisi. A 2014 kuma gwamnatin tarayya ta amince da tsarin miƙa wasu ayyukan likitoci da ungozoma ga CHEW da aka horar, domin wuraren da babu su.

Ka ga ke nan ba cike gurbi kake yi ba. Ƙasa ce ta zauna ta tsara aikinka, don ta san likita ba zai kai kowane ƙauye ba.

Tuna 2010

Da yawanmu muna yara a lokacin, amma babu gidan da bai ji labari ba a Anka da Bukkuyum. A farkon 2010 ƙananan yara suka riƙa mutuwa a ƙauyuka irin su 'Yar Galma da Dareta da Abare da Sunke. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga aka gwada jini, sannan aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake daka wa da niƙa wa a tsakar gida. An ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Yanzu tambayi kanka: idan irin wannan ta sake tasowa, Allah Ya kiyaye, wa zai fara ganin yaron? Ba farfesan da ke asibitin koyarwa na Sakkwato ba ne, ba kuma likitan FMC Gusau ba. Wanda ke zaune a ƙaramin asibitin gari ne. Shi zai lura cewa yara biyar sun zo a mako guda da ciwo iri ɗaya, maganin da aka saba bayarwa bai kama su ba. In ya san aikinsa ya rubuta ya sanar da ƙaramar hukuma, ya ceci gari. In ya wuce makaranta da satar amsa, sai ya ci gaba da rubuta maganin maleriya har a cika maƙabarta. Haka aka ga muhimmancin sanarwa da wuri a annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta fi yi wa Zamfara ɓarna.

Ga kuma matsalar tsaro da kowa ya sani. Akwai daren da ba mai iya ɗaukar mara lafiya ya hau hanya, ko da kuɗin mota a hannu. A irin wannan dare, abin da ke cikin kanka shi ne asibitin da garin yake da shi.

To yaya za ka yi da gajiyar?

Na farko, daina haddar da ba ta da fuska. Duk abin da ka karanta, ɗora shi a kan wani da ka sani. An ce maka jariri ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti guda yana cikin saurin numfashi, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma sau 40. Kada ka bar shi a takarda. Ɗauki agogon wayarka ka ƙirga numfashin ƙaninka yana barci. An ce in ma'aunin damtse ya nuna ƙasa da santimita 11.5, wato ya faɗa ja, yaro na cikin tamowa mai tsanani. Nemi ma'aunin ka gwada a kan yaran gidanku. Jadawalin rigakafi ma haka: BCG ranar haihuwa, Penta a mako 6 da 10 da 14, ƙyanda a wata 9. Duba katin ɗan yayarka ka ga ko an bi. Abin da hannu ya taɓa ba ya saurin fita daga kai.

Na biyu, faɗuwa jarrabawa ba hukunci ba ne a kan ƙwaƙwalwarka. Yawancinmu daga makarantun gwamnati muka fito, Turanci bai zauna mana sosai ba, sai ga kalmomin Latin an jibgo mana. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya ɗauki babi guda ya bayyana wa saura da Hausa. In ka kasa bayyana hawan jini da Hausa, to ba ka gane shi ba tukuna. Kuma ka tuna, tsohuwar da za ta zauna gabanka gobe a Gummi da Hausa za ta ba ka labarin ciwonta.

Na uku, rungumi littafin Standing Orders kamar yadda direba ke rungumar lasisinsa. Shi ke gaya maka abin da za ka duba, abin da za ka bayar, da inda za ka tsaya ka tura mara lafiya gaba. Ƙarfin gwiwa na gaskiya daga nan yake fitowa. Wanda ya san iyakarsa ba ya rawar hannu.

Na huɗu, a lokacin firaktikal kada ka zama ɗan riƙe fayil. Roƙi a bar ka ka auna jini, ka yi gwajin maleriya, ka cika rajista. In babbar ma'aikaciya ta daka maka tsawa gaban mutane, haɗiye, ka bari ta huce, ka koma ka ce, "Anti, don Allah a nuna mini inda na yi kuskure." Da wuya ta ƙi.

Na biyar, rage leƙen rayuwar wasu. Wanda ya ɗora hoto da abin sauraren ƙirji a wuya bai ɗora maka daren da ya kwana yana kuka kan jarrabawa ba. Ba na ce ka goge TikTok ba, amma in jarrabawar hukuma ta matso, ka ba wa wayar hutu.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba

Aikin gwamnati ba ya jiran kowa a bakin ƙofar makaranta. Akwai waɗanda suka gama suna aikin sa kai shekara da shekaru kafin a ɗauke su. Albashin ma ba na gina bene ba ne. Kuma za ka haɗu da jarabawa babba: mutanen gari za su kira ka "likita", wasu ma su roƙe ka ka yi abin da ya fi ƙarfin lasisinka. Kada daɗin sunan ya ɗebe ka. Ran mutum ba wurin gwaji ba ne.

Sai dai hanya ba ta toshe ba. Daga kwaleji irin ta Tsafe, bayan ka samu lasisi ka yi aiki, kana iya tafiya karatun CHO a asibitocin koyarwa irin su na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na ABU a Zariya, ko na Malam Aminu Kano. Daga nan ga digiri a fannin lafiyar al'umma. In kuma har yanzu likitancin ne a ranka, sake JAMB ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka yi wa karatun da ke hannunka riƙon sakainar kashi, ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Takardar a manyan ofisoshi aka sa mata hannu, amma ƙafafun da suka bi gida gida da akwatin sanyi cikin rana, da yawansu na irinku ne.

Ɗiyar kawuna ta sake zana darasin nan ta wuce. A firaktikal ɗinta na shekarar ƙarshe aka kawo wani jariri ɗan wata takwas, uwar na cewa mura ce kawai, a ba su maganin tari su tafi. Ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashi, ta samu 58, ga ƙirji na lotsawa ciki. Ta kira shugabar asibitin, aka ba shi maganin farko aka tura su babban asibiti. Bayan kwana goma uwar ta dawo da yaron a goye, da ƙullin gyaɗa a leda. Da ta kira ni a ranar, ba ta ambaci hoton kowa a Facebook ba.

Saboda haka gobe in an tambaye ka me kake karantawa, ɗaga murya ka faɗa. Sannan ka koma ka buɗe littafinka, don akwai wanda zai zo gabanka wata rana ba shi da kowa sai Allah sai kai. Allah Ya ba da sa'a, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.