Mai Kiwon Kifi, Ruwa Take Kiwo

Kwanan baya wata ɗalibata ta kawo mini hoton wani kifi mai faɗi kamar faifai, da ratsin shuɗi da ja, ta ce tana so ta tara kuɗi ta kiwata shi cikin akwatin gilashi. Sunansa diskas. Asalinsa kogin Amazon ne a ƙasar Birazil, kuma danginsa ɗaya da karfasarmu. Abin sha'awa gare shi shi ne, in 'ya'yansa sun fara iyo sai su manne a jikin uwa da uba suna cin wani yauƙi da ke fita daga fatarsu, kamar jariri da nono.

To, amma na ce mata ta haƙura. Kifin nan ɗan gata ne ƙwarai. Dole ruwansa ya zauna da ɗumi wajen digiri 28 zuwa 30 dare da rana, sai da na'urar ɗumama ruwa da ta tacewa, dukansu kuwa lantarki suke ci. Ku tuna asubar hunturu a Dambatta ko Bichi, sa'ad da ruwan randa ke kashe hannu. Wuta ta ɗauke kwana biyu cikin sanyin nan, kuɗinki sun bi ruwa.

Kifin da ya dace da gidajenmu tarwada ce, irin wadda masunta ke kamawa a madatsar Tomas. Allah ya ba ta abin shaƙar iska ban da na ruwa, shi ya sa take jure wahalar da za ta kashe wani kifin. Sai dai ita ma dokar ɗaya ce da ta diskas, watau in ruwa ya lalace kifi ya lalace.

Ki sami duro na roba ko ƙaramin kwarmi na siminti a inuwa. Durom da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki, kada ki ko kusance shi. In kwarmin sabo ne, ki cika shi da ruwa kina zubarwa kina sakewa har wajen mako biyu, domin sabon siminti yana da kaifin da ke ƙona kifi. Ruwan rijiya ya yi. In na famfo ne, ki bar shi ya kwana a buɗe tukuna, maganin da ke ciki ya fita. Sabulu kuwa har abada ba ya shiga wurin.

Inda mata suka fi yin asara wajen abinci ne, saboda tausayi. Ki zuba musu abin da za su cinye nan take, safe da yamma. Saura sai ya ruɓe a ƙasa, ya haɗu da kashinsu ya zama guba. In kin ji ruwa ya fara wari, ko kin ga sun tsaya tsaye a saman ruwa sun ƙi cin abinci, to ki yi maza ki sake shi. Kada ki kwashe duka a lokaci ɗaya, kashi ɗaya cikin uku ya isa, bayan kwana biyu ko uku. Ruwan da kika kwashe taki ne, ki ba yakuwa da alayyafonki.

Tarwada tana cin 'yar'uwarta, don haka ki riƙa ware manya daga ƙanana. Sa'an nan ki rufe wurin da raga mai ƙarfi, saboda takan yi tsalle, ga kyanwa, ga kuma masu rarrafe, wanda shi ne ya fi damuna.

Ɗalibar tawa dai ta fara da tarwada goma a bayan ɗakin uwarta, hoton diskas kuma yana nan cikin littafinta na kimiyya.