Babi na Shida: Wasannin Sakin Jiki

Duk wanda ya taɓa zuwa taron bita ya san yadda ake farawa: an zauna tsit, ba wanda ya san wani, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Sai mai gabatarwa ya ce kowa ya faɗi abu uku a kansa, biyu gaskiya ɗaya ƙarya, sauran su canko ƙaryar. Ko a jefa ƙwallo, wanda ya cafe ya faɗi sunansa da garinsu. Turawa na ce wa wannan fasa ƙanƙara. Mu da ba mu da ƙanƙara, sakin jiki muka sani.

Tarihinsa na zamani ba shi da tsawo. A 1946 masanin halayyar jama'a Kurt Lewin da abokan aikinsa suka yi wata bita a jihar Connecticut ta Amurka, suka ga mahalarta sun fi ƙaruwa idan suna tattauna yadda suke hulɗa da juna. A 1947 aka kafa cibiyar NTL, tana horo a garin Bethel na jihar Maine, tana kuma ƙarƙashin inuwar ƙungiyar malamai ta NEA mai hedikwata a titi na 16, arewa maso yammacin Washington. Irin wannan horo ya taimaka wajen shigar da dabarun cikin kamfanoni da makarantu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa wai Bature ne ya koya mana wannan. Haba! Ina aka baro wasan barkwanci? Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare, taubasai, jika da kaka. A ce Bafulatani ya tsaya layi a ofishin jakadancin Najeriya da ke wannan yanki na Washington, ya ga na gabansa da tsagen Barebari. Ba sai an haɗa su ba. "Kai bawana, riƙe min jaka!" Ɗayan ya juyo: "Wa ya bar maka shanun ka zo nan?" Kafin layi ya motsa sun san garin juna. Sirrin ɗaya ne da na ƙwallon taron bita: doka ce ta ba ka izinin taɓa baƙo, shi kuma doka ta hana shi fushi. Bambancin kawai, tamu gādo ce, tasu sai mai gabatarwa ya ƙirƙiro ta na minti goma.

Wanda na fi so shi ne na Fulani da Tibi. Labarin baka ya ce Bafulatani ya ba Tibi ajiyar shanu, da ya dawo nema aka ce masa "mun ci". Daga nan wai sunan Munci ya samo asali, sunan da su Tibi ba sa so, don haka kada wanda ba abokin wasansu ba ya gwada. Wannan iyakar ma darasi ce da masu shirya bita kan manta, su sa dattijo tsalle gaban sa'ar jikansa, ko su nemi mace ta faɗi sunan mijinta a bainar jama'a.

Nijar dai ta gane darajar abin. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin ƙasar cikin jerin al'adun gādo na duniya. Kuɗin shara da abokan wasa ke karɓa a watan Cika-ciki kuwa, sai a babi na gaba.