Ganye da 'ya'yan itace: amanar lafiyar yaranmu a yammacin Zamfara

Jiki amana ne da Allah Maɗaukakin Sarki Ya damƙa mana, kuma malamai sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofi biyar na Shari'a. A ƙasashen Anka, Bukkuyum da Gummi wannan amana tana da nauyi na musamman a wuyan iyaye.

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi jinyar dubbai, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aikin da ya kai Bagega a 2013. Sai dai har yau ana haƙar zinare, ƙurarsa kuma tana biyo mahaƙa gida.

A nan ne abin da ke cikin tukunya yake da muhimmanci. Likitoci sun tabbatar cewa jikin yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe da kalsiyam ya fi saurin tsotse dalma, haka ma yaron da ya wuni da yunwa. Zogale, alayyahu da ganyen kuka suna ɗauke da waɗannan sinadarai, yayin da bitamin C na goba, lemo, tumatir da 'ya'yan kuka yake taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana. Wanda gubar ta riga ta kama, asibiti ne maganinsa. Abinci garkuwa ce kawai.

Addininmu ya daɗe da jan hankalinmu zuwa ga wannan ni'ima. Alƙur'ani ya ambaci dabino, inabi, rumman da zaitun, har akwai sura mai sunan ɓaure. Anas ɗan Malik (RA) ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) yake son kabewa, kuma Bukhari da Muslim sun kawo cewa duk abin da mutum, tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Mun san rashin tsaro ya raba manoma da yawa da fadamun Gulbin Zamfara, kayan lambu sun yi tsada. Amma daga Gwashi zuwa Gummi da wuya a rasa gidan da ke da wurin dasa zogale biyu a bayan ɗaki. Mu dasa, mu wanke ganye da hannun yara da ruwa mai tsabta kafin cin abinci, mu rage yawan tafasa ganye domin kada amfaninsa ya tafi, mu kuma nisanta niƙan duwatsu daga inda ake girki. Limamanmu su sanya wannan cikin huɗubobin Juma'a.

Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya raya mana waɗanda suka rage cikin ƙoshin lafiya.