Inda Ake Ajiye Tarihi Tsakanin Nguru da Gashuwa

Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, tana kan hanyar Nguru zuwa Gashuwa a arewacin Jihar Yobe. Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulani sun daɗe suna cuɗanya a wannan yanki, kuma abin da kakanni suka bari a rarrabe yake cikin gidaje, kowane gida da kason da yake riƙewa.

Gidan sarauta ke da tambura da takubba da tsofaffin kayan doki. Ba a fito da su sai ranar hawan salla ko naɗi, lokacin da maroƙa ke jero sunayen sarakunan da suka shuɗe, yara na ji suna haddacewa. A ƙauye kuwa, in rigimar iyakar gona ta taso, wurin Lawani ko Bulama ake zuwa, don shi ya san wanda ya fara sare dajin.

Takardu na hannun malamai: Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, kundi, da wasiƙun ajami. A da, sarakunan Borno kan ba gidajen malamai takardar da ake kira mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da fita yaƙi, a yi ta gadonta daga uba zuwa ɗa. Mata su ma da tasu ajiyar: akushi, ƙwarya mai zane, faifai da tasoshin jan ƙarfe da uwa ke danƙa wa 'yarta ranar kai amarya.

Badawa kuwa a ruwa suke baje nasu tarihin. A bikin su na Gogaram, tsohuwar cibiyar masarautar Bade, masunta kan hau gora riƙe da koma, a ga sana'ar yadda aka gaje ta.

Akwai abin da gida ba ya iya adanawa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ya ci karo da kwalekwale mai shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka gano a Afirka; yanzu yana ajiye a Damaturu. Kayan gida kuwa gara da ɗigar damina da rabon gado ke cinye su. Shi ya sa ɗaki guda a fada ko a makaranta zai yi amfani: a rubuta sunan kowane kaya da gidan da ya fito, a ɗauki hoton takardu, a naɗi bayanin tsofaffi tun suna raye.