Me ya sa fiffiken jirgin feshin fara ya bambanta da na jirgin alhazai?



Duk wanda ya yi wayo a 2004 bai manta da farar da ta sauko wa Nijar ba, da ƙarancin abincin da ya biyo baya a 2005. A lokacin an yi amfani da ƙananan jiragen sama wajen feshin magani. Jirgin feshi ƙasa-ƙasa yake bi, a hankali, kamar zai shafi kan itatuwa. Shi kuwa jirgin da ke kwasar alhazai daga filin Diori Hamani na Yamai, sai ya yi dogon gudu kafin ya tashi, in ya hau sama kuma yana cin kusan kilomita 900 a awa. Da yawa sun ɗauka bambancin duk a inji yake. To inji na da nasa aikin, amma siffar fiffike ma tana da babban rabo.

Mu fara da abin da kowa ya sani. In iskar farkon damina ta taso, takan yaye rufin kwano ta yi sama da shi. Dalili shi ne iskar da ke gudu a bisa kwano ba ta danna shi da ƙarfi kamar yadda ta cikin ɗaki ke tura shi daga ƙasa. Haka fiffike yake aiki. In aka yanka shi daga gaba zuwa baya, za a ga bakinsa a dunƙule kamar kan kifi, bayansa siriri, samansa ya fi ƙasansa lanƙwasa. Wannan siffa tana sa iska ta fi sauri a sama, tana kuma karkatar da ita ƙasa. Fiffike ya tura iska ƙasa, iska ta tura shi sama, sai jirgi ya ɗagu.

Amma abin yana da iyaka. Wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota a hanyar Gure zuwa Damagaram ya sani: in ka ɗan ɗaga gaban tafinka, iska za ta ɗaga hannun, in ka wuce kima sai ta buge shi baya kawai. A yawancin fukafukai, in karkatar ta wuce wajen digiri 15, iska takan rabu da saman fiffiken, jirgi ya fara faɗuwa. Fiffike mai dunƙulallen baki ya fi haƙuri da wannan kuskure.

Ba a dare ɗaya aka gano hakan ba. A 1901, wasu ƴan uwa biyu ƴan Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun gwada ƙananan fukafukai wajen 200 cikin wani akwati da suke hura wa iska, kafin jirginsu ya tashi ran 17 ga Disamba 1903. A 1922 aka fito da siffar da ake kira Clark Y, mai shimfiɗaɗɗen ciki da sauƙin ƙerawa. Da ita Charles Lindbergh ya tsallaka teku daga New York zuwa Paris a 1927. Daga baya hukumar binciken jiragen sama ta Amurka ta riƙa ba siffofin lambobi. Misali NACA 2412, wadda ke jikin ƙaramin jirgin nan Cessna 172: lambar 12 ta ƙarshe na nufin kaurin fiffiken kashi 12 ne cikin 100 na faɗinsa.

To yaya maƙera jirgi ke zaɓa? Kamar yadda ake zaɓen dabba ne a kasuwa. Mai ɗaukar kaya ba ya neman dokin sukuwa, raƙumi ko jaki yake nema. Tambayoyi uku ake yi: wane gudu ake so, wane nauyi za a ɗauka, kuma daga wane irin fili za a tashi?

Jirgin feshi na ɗauke da magani mai nauyi, yana tashi daga gajeren fili, wani lokaci ma na jar ƙasa. Sai a ba shi fiffike mai kauri da lanƙwasa sosai, wanda ke ɗagawa ko da gudun bai yi yawa ba. Abin da ya rasa shi ne sauri. Jirgin alhazai kuma sauri da tsimin mai yake nema, shi ya sa fiffikensa ya karkata baya kamar na tsattsewa, samansa bai cika lanƙwasa ba. Irin wannan ba ya son tafiya a hankali. Don haka wanda ya zauna kusa da taga zai ga wasu faifai na zarowa daga bayan fiffike lokacin tashi da sauka: jirgin ne ke ƙara wa kansa faɗi da lanƙwasa na ɗan lokaci.

A ƙasarmu akwai ƙarin abu biyu. Na farko zafi. Iskar rana mai digiri 45 ta fi ta digiri 15 rashin nauyi da wajen kashi 10 cikin 100, ke nan fiffike na samun ƙarancin abin turawa, dole a ƙara tsawon gudu ko a rage kaya. Wannan na cikin dalilan da ke sa matuƙan ƙananan jirage son tashi da sanyin safiya. Na biyu ƙura da ƙwari. Akwai fukafukai masu tsimin mai waɗanda sai bakinsu na sumul suke aiki daidai. In ƙura ko mataccen ƙwaro ya manne musu, sai aikinsu ya ragu. A wurin da ake fama da hazo da fara, siffa mai jure datti ta fi amfani.

Saboda haka, ɗan uwa, in ma'aikatan fili suka auna jakarka suka ce ta wuce kilo, kar ka ga kamar ƙeta ce. Kowane fiffike da iyakar nauyin da zai iya ɗagawa, kuma a ranar zafi iyakar raguwa take yi.

Allah Ya tsare mana gonaki daga fara, Ya kai matafiyanmu lafiya.